Mu Mayar wa Mai Kwando Kalmominsa

Shugaban taro, shugabar makarantarmu, iyayenmu maza da mata, abokan aikina malamai, tsofaffin ɗalibai da kuka rufe shaguna kuka zo, da ku 'ya'yana da ke zaune a sahun gaba, assalamu alaikum. Na gode da kuka amsa kira, duk da kun san ba taron murna aka kira ku ba.

A da, da yawanmu, in aka ce mu faɗi sunan abu mai kewaye da Turanci, kalma ɗaya ce a bakinmu: circle. Ita muke liƙa wa lemo, ita muke liƙa wa ƙwai, ita muke liƙa wa gwangwanin madara. Wanda ya raba mu da wannan ruɗani shi ne tsohon malaminmu na Turanci, wanda yara suka laƙaba wa Mai Kwando, don bai taɓa shiga aji ba sai da kwando a hannu.

Abu na farko, mu tuna yadda ya koyar. Ba ya fara rubutu a allo. Sai ya ce ka rufe ido, ya ɗauko abu daga kwandon ya sa maka a tafin hannu. Abin da aka zana a takarda, ba shi da ciki, shi ne circle. Lemo da ƙwallo, da suka cika hannu ta kowane gefe, sphere. Zobe, ring. Siffar ƙwai, oval. Gwangwani, cylinder. Na tuna wani ɗan ajinmu ya ce, "Malam, ƙwai da ƙwallo ai duk ɗaya ne." Malam ya miƙa masa ƙwan ya ce, "To, gwani, je ka buga mana shi a fili." Ga shi can a baya yana sunkuyar da kai, yau shi ke gyara mana motoci.

Abu na biyu shi ne mai nauyi. Kun ji shanyewar ɓarin jiki ta kama Malam. Abin da wasunku ba su sani ba, maganarsa ma ta tafi. Mutumin da ya cika bakunanmu da kalmomi, yau ruwan sha da ido yake roƙa.

Na je gaishe shi. Yana kwance kusa da taga, kwandon na ƙarƙashin gado ya yi ƙura. Matarsa ta ce, "Malam, kai da ka hana mu sakat da surutu, yau ga ɗanka ya zo, ka yi masa rowar magana?" Ya yi murmushi da rabin baki. Na sa masa lemo a hannun hagu, na ce da gangan, "Baba, wannan circle ne ko?" Jama'a, sai ya ɗaga hannun nan ya ɗaka mini duka a gwiwa! Leɓensa ya yi ta rawa, ya yi ta rawa, kalmar ta ƙi fitowa. Hawaye ne suka fito.

Amma yana nan. Ilimin yana nan, ƙofa ce ta ƙi buɗuwa. Likita ta ce in ana zama da shi ana jan shi da magana, wataƙila wasu kalmomin su dawo, in kuwa aka bar shi da bango, sauran ma za su bi. Matarsa ta raka ni bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, farko ɗakin nan ba wurin aje ƙafa. Yanzu sai ni da ƙarar fanka."

Saboda haka abu na uku roƙo ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma zumunci a ƙafa yake. Kowa ya duba gidansa, ko murfin tukunya ne, ko maɓalli, ya kai masa, ya sa masa a hannu, ya faɗi sunan, ya jira. Kada ku yi sauri ku ƙarasa masa. In bai ce komai ba, ku sake komawa.

Allah Ya ba Malam lafiya, Ya ƙara wa matarsa haƙuri, Ya buɗe bakin da ya buɗe namu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni gobe in an tashi daga makaranta can na nufa, mai zuwa ya same ni a bakin ƙofa.

Na gode.