Kwarzanen Ƙofar Mota

A rumfar mai kayan mota da ke bakin tashar Goronyo, Maccido yana ta jujjuya injinan goge fenti guda biyu, ya kasa zaɓa. Wani dattijo mai jiran motar Wurno ya leƙo.

"Ɗana, mi kaka son gogewa?"

"Ɗan kwarzane na, Baba, ga ƙohwar mota. Mai arha nika biɗa."

"Ka ja akaihwa bisa nai? In ta maƙale, inji ba ya yi mai komi."

"Ba ta maƙalewa."

"To ɗauki wanga da aka iya rage ma gudu. Wancan gudu guda gare shi, sai shi ƙone ma hwenti. Wa yay yi ɓarnar?"

Maccido ya yi murmushi. "Mai ɗakina, Suwaiba. Tuƙi nika koya mata, tag gogi ƙyauren gida. Kwana ukku ke nan ta ƙi taɓa makulli. So nikai ta hito ta ishe babu komi, in ce mata dauɗa ta."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Ni ma akwai irin shi ga tsohuwar motata. Mai ɗakina Hawwa tay yi shi da baron albasa, niy yi wata guda ina hwaɗa. Bara ta rasu. Yanzu ko mai wanki ban bari shi dirje wurin."

Maccido ya ajiye injin a hankali. "Allah shi jiƙanta."

"Amin. A'a, ɗauki abinka, ɗana. Kai goge naka, taka tana gida. Gara ta koma tuƙinta."