Finjalin Alhaji Tsoho

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan zama, Alhaji Dawuda. Malamanmu da dattawanmu. Iyayenmu mata da ke saurare daga bayan labule. 'Yan'uwa mazauna Makka, na unguwar Utaibiyya da na Zahir, da waɗanda suka taso tun daga unguwar Shisha: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ina godiya ga Hajiya Ɗaso da ƙamshin girkinta ke gargaɗina in taƙaita.

Magana ta farko tambaya ce. Kwanan baya na karanta a wata mujallar Masar cewa mutanen Sifen, ƙasar da littattafanmu ke kira Andalus, idan abokai suka taru cin abinci, kowane akushi da abin shansa: na kifi daban, na gasasshen nama daban. Abin shan nasu giya ce, Allah ya tsare mu da ita. Amma na ajiye mujallar ina tunani: mu fa? Wa ya koya mana cewa ƙosai sai da kunun tsamiya? Wa ya ce tsire mai yaji sai da shayi mai na'ana'a, dabino sai da gahawa mai ɗaci, tuwo kuma ba ya son komai sai ruwan randa? Ba malamin da ya karantar da mu, amma duk wanda ya kawo maka zoɓo da tuwon dawa, sai ka dube shi sau biyu.

Magana ta biyu ita ce dalilin tsayuwata. Na gano cewa bayan dacewar abin sha da abinci, akwai dacewar zubi da mai sha, kuma a nan ne muka yi tuntuɓe.

Kun san zaman cin abincinmu na Alhamis, wanda ke zagayawa gida gida. Kun kuma san ya tsaya cik. Zaman ƙarshe a gidan Alhaji Tsoho aka yi shi, mutumin Sakkwato, wanda bai daɗe da isowa ta Sudan ba. Ya yanka rago. Ya ari dalla, butar gahawa, don girmama abokinsa Malam Tijjani, haifaffen garin nan, wanda ya yi masa jagora tun saukarsa. Ya zuba masa gahawa. Tijjani ya sha, ya miƙe, ya sa takalmi ya fita, ba a ko sauke ragon ba. Tun ranar ba sa gaisawa. Haifaffun Makka sun bi Tijjani, sababbin zuwa sun bi Tsoho, tabarma ta rage babu kowa.

Matambayi ba ya ɓata, sai na je na tambayi kowannensu.

Tijjani ya ce mini: "Ya shaihu, finjalin nan cika shi ya yi har baki! A gaban jama'a! Halas, shi ke nan, mutum ya ce maka sha ka tafi, sai ka zauna jiran nama?"

Tsoho kuwa ya ce: "Malam, mutumin ga na zuba mai har tana zuba a yatsuna. A gidanmu wanda ka ba baƙo rabin ƙwarya, sai a yi mai waƙa a kasuwa. Gahawar ma ni ban iya shanta, ɗaci gare ta kamar maɗaci. Don shi na dafa!"

Jama'a, ku duba abin mamaki. A nan, ana ɗiga gahawa a gindin finjali, don a yi ta ƙara maka, don zamanka ya yi tsawo. Cikawa sallama ce. A can gida, cikawa ita ce ƙauna, ragewa rowa. Hannu ɗaya, buta ɗaya, finjali ɗaya: wanda ya zuba yana cewa zauna, wanda ya karɓa yana jin tashi. Ba mai laifi a cikinsu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mu da muke zaune tsakanin al'adu biyu, irin wannan duhun ba zai rasa mu ba, sai dai mu riƙa tambayar juna kafin mu ɗauki takalmi.

Magana ta uku saƙo ce, kuma an ce in faɗe ta a bainar jama'a. Malam Tijjani, Alhaji Tsoho ya ce in gaya maka ya ɗaure wani ragon, Alhamis mai zuwa, bayan Magariba. Ya ce fura tasa ce, zai cika maka ƙwarya, kada ka ji tsoro. Amma dalla ya haƙura da ita: kai za ka riƙe, kai za ka zuba wa kowa a gidansa, shi zai zauna ya ga yadda ake yi. Ga shi can kusa da ƙofa. Amsa tana wurinka, zumunci kuwa a ƙafa yake.

Allah ya haɗa kawunanmu a wannan gari mai alfarma. Allah ya sa albarka a abincinmu da abin shanmu, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.