Buhun Kunnuwan Shanu

A tashar Damagaram, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, Illa, wani dattijo mutumin garin Dogo, yana jiran mota. Kusa da shi wani mai kaki na zaune bisa akwatin ƙarfe.

"Malam, me ke cikin akwatin nan?" in ji Illa.

"Allurar rigakafin cutar bushiya ce, Baba, taimakon ƙasashen Turawa. Ni nake yi wa shanu."

Illa ya daɗe yana dubansa. "Bara an yi wa nawa bakwai, aka yanke musu bakin kunne, wai cuta ba ta kama su. Na yarda, na bar su suna shan ruwa da garken baƙi. Kafin damina biyar sun mutu."

"Ba laifin maganin ba ne, Baba, sanyi yake so. Sun aiko da allura, sun aiko da mota, amma ba wanda ya tambaye mu inda za mu samu ƙanƙara. In ta narke a hanya, ruwan banza kake ɗirka wa saniya."

"To, in ta narke, sai ku juya?"

"Mu koma hannu wofi? Guntayen kunnuwan nan muke kai wa manya, da su ake gane mun yi aiki. Ko bara a Dogo, tun hantsi ƙanƙara ta zama ruwa, amma sai da muka cika buhu."

"Daga Dogo nake," in ji Illa a hankali.

Mai kaki ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, kunnuwan dai sun isa lafiya, ko?"