Rigar Baba Ta Yi Masa Yawa

A cikin motar da ke jiran cika a Titin Bauchi, Adama tana warware bakin wata riga da reza, sai dattijon da ke gefenta ya yi gyaran murya.

"'Yata, ke tela ce?"

"Ina ɗan taɓawa a gida, Baba."

"Dubi wannan ta jikina, za ta ragu? Matata ce ta ɗinka min da saƙi. Da cif take, yanzu kamar ta aro."

Adama ta juya gefen rigar ta duba ɗinkin.

"Za ta ragu mana. Me ya hana Mama ta rage da kanta?"

"Ta tafi wankan jego wurin 'yarmu, Lahadi za ta dawo. Ta ja min kunne in riƙa cin abinci, ni kuwa gwate in ba nata ba, ba ya wuce min. In ta ga rigar tana lilo a jikina, na shiga uku."

Adama ta danne dariya.

"Baba, mai wannan ɗinkin tun daga ƙofa za ta gane zaren da ba nata ba. Kuma dubi rarar da ta bari a ciki, ƙiba take sa ran ka yi."

"To, yaya ke nan?"

"Ba rigar za a rage ba, kai za a ƙara."

Dattijon ya leƙa ta taga.

"Mai masa! Zo nan, kawo duka!"