Ciwon da Hoton Asibiti Bai Nuna Ba

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ni ce Saratu, mai ɗinki a nan unguwar Briqueterie.

Bayan ɗana Ishaya ya rasu a haɗarin moto, wato babur, a hanyar Etoudi, masu zuwa gaisuwa suka yi ta ce mini mai bin Yesu ba ya kuka irin na marasa bege. Sai na haɗiye kukan, na koma kan keken ɗinki.

Ba a jima ba wuyana ya ƙage. Kafaɗuna kamar an ɗaure su da igiya. Ko waiwaye ba na iyawa sai na juya jiki gaba ɗaya. Aka ɗauki hoto a asibiti, aka ce ba a ga komai ba.

Wannan magana ta fi ciwon zafi. Ƙanwar maigidana ta ce, "Yaya, ai lalaci ne kawai." Wata a zumuntar mata ta ja ni gefe ta tambaya ko akwai zunubin da nake ɓoyewa. Daga nan na daina zuwa sujada. Har ni kaina na fara zargin ko ƙarya nake yi.

Maƙwabciyata Hajiya Binta ce ta matsa mini na ga wata likita a unguwar Tsinga. Likitar ta taɓa wuyan ta ce, "Madam, ciwonki gaskiya ne. Me ya same ki kafin ya fara?"

Sai Ishaya ya faɗo mini a rai.

Daga can na wuce gidan pasto. Matarsa ta riƙe hannuwana muka durƙusa. Ta ce, "'Yata, Yesu ma ya yi kuka a kabarin abokinsa. Faɗa wa Yesu abin da ke zuciyarki."

Abin da ya fito kawai shi ne, "Ubangiji, ɗana!" Na yi kuka har muryata ta dishe, ba ta ce in yi shiru ba.

Ban warke a ranar ba. Na ci gaba da zuwa gashin ƙashi da motsa jiki yadda likita ta ce, ina addu'a, ina kiran sunan Ishaya a gida ba tsoro. A hankali jijiyoyin suka saki. Har yanzu ciwon yakan motsa, amma na koma aiki, ga ni kuma a gabanku.

Na gode wa Allah. In wani ya ce muku yana ciwo, ku yarda da shi tukuna. Kai mai fama a ɓoye, kai wa Yesu kukanka, ba zai ƙaryata ka ba. Amin.