Yadda Na Hana Ƙarfe Kuka a Kwatano

Shinkafar da na noma a fadamar Tanda ita ta kai ni Kwatano. Na sayar da ita a kasuwar Gaya, Inna ta ɗinke mini kuɗin a ƙugun wando, ɗinkin da sai da na yaga wandon a tashar Faraku kafin in biya jirgin ƙasa. Haka na shiga birni riƙe da wando da hannu ɗaya. Zamanin Nasara ne, wannan gadar da kuke hayewa da babur ba a yi ta ba, a jirgin fito muka tsallaka kogi zuwa Malanbil, kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kwashe mu tare da buhunan albasa.

Ɗakin da na samu na wata mata ce, Madam Afi. Mutuniyar kirki, amma ruwan randarta ta fi son shi da ƴaƴanta. Kwana uku da zuwana ta tare ni a ƙofa.

"Garba, kai kifi ne?"

"A'a, Madam."

"To, me ya sa kake wanka sau biyar a rana?"

"Ba wanka ba ne, alwala ce."

"Ko mene ne sunanta, daga yau ka je famfo ka ɗebo mata nata."

Aiki kuwa, wani mai gadi ɗan Karakara ne ya kai ni wata babbar majami'a, su suna ce mata egiliz. Shara, goge benci, buɗe taga. Na tambayi malamin zango, ya ce tsintsiya ba ta da addini, in dai ba zan durƙusa tare da su ba in riƙe aikina. Babban wurin wani tsohon Bature ne, kowa na kiransa Mumper, wai "babana" ke nan da Faransanci. Muryarsa ƴar siririya, na benci na uku ma ba ya jin sa. Mai bi masa wani ɗan gari ne mai ɗaura igiya a wuya, Mushe Kwajo. Ku daina dariya. A can mushe girmamawa ce. Ni ma wata guda na yi ina kiransa haka ina cizon leɓe.

Wata rana jirgin ruwa ya kawo akwatuna daga Faransa. Aka fito da wani ɗan ƙarfe mai raga bisa sanda, shi ne mikro. Aka fito da akwati mai kwalabe a ciki, in ya sha wuta sai su yi ja kamar garwashi. Sai manyan mazurarai guda biyu, oparlar, masu fitar da magana. Mushe Kwajo ya ce ya karanta takardar abin, ya sa aka rataye mazuraran a bangon da ke bayan Mumper, wai a nan suka fi kyaun gani.

Ran Lahadi ina tsaye bakin ƙofa. Mumper ya buɗe baki ya ce kalma biyu, sai abin ya ɗauki kuka. Wiiiii! Kun san kukan akuya in ta maƙale a shinge? Ku haɗa da usur ɗin jirgin ƙasa. Jarirai suka fashe, tsofaffi suka toshe kunne, wata mata ta fita da gudu ta bar takalminta. Mushe Kwajo ya murɗa wannan, ya murɗa wancan, kuka ya ƙaru. Lahadi uku ana haka. Matan kasuwa suka ce aljanin teku ne ya biyo akwatin.

Ni kuwa ran wata Asabar ina shara, ashe an manta abin a kunne. Na ɗaga sandar mikro don in share ƙarƙashinta, na ja baya wajen bango, sai ya fara ƙara. Na yi gaba, ya yi shiru. Na koma, ya sake. Na ajiye tsintsiya na yi ta kai da kawowa kamar mai koyon rawa. A nan na gane. Mikro kunne ne, mazurari baki ne. In baki ya yi magana cikin kunnen, kunnen ya mayar masa, shi kuma ya ƙara mayarwa da ƙarfi, haka za su yi ta yi har su haukace.

Ina cikin wannan rawa Mushe Kwajo ya shigo.

"Ashe kai ne! Kai ke lalata shi kullum!"

"Mushe, tsaya ka gani..."

"In ga me? Ka yi karatun lekol?"

"Ban yi ba."

"To, bar mana tsintsiyarmu ka fita. An kore ka."

Ko wando na biyu ban saya ba tukuna, in koma Tanda in ce me? Allah ya sa hayaniyar ta fito da Mumper. Na haɗa Faransancin kasuwa da hannu da ƙafa, na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar. Ya dube ni, ya dubi Kwajo, ya ce in gwada.

Na sauko da mazuraran, na kai su gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, bakinsu na kallon jama'a, mikro ya koma bayansu. Bangon ƙarshe siminti ne, yana dawo da murya, sai na aro tabarmi a zango na rataya. Na rage murɗin akwatin, na ce wa Mumper ya kawo bakinsa kusa, tazarar yatsu huɗu, ya kuma daina buga wa mikro yatsa kamar mai gwada kankana. Ya yi magana. Na ruga bencin ƙarshe, na ji har numfashinsa. Tsohon nan ya tafa hannu kamar wanda aka yi wa bushara. Daga ranar akwatin ya koma hannuna. Kwajo ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwata, daga baya shi ya koya mini sunayen kwalaben.

Babbar jarrabawa ta zo ran wani biki da shugaban limamansu na ƙasar duka ya zo, Monsanyar. Ni dai "mun sanyar" nake ji. Ƙaton mutum, da hula mai tsini, da murya wadda ba ta bukatar ƙarfe. Majami'a ta cika har waje. Ina zaune gefe kusa da akwatina, komai lafiya. Sai wa'azi ya yi masa daɗi, ya tumɓuke mikro daga sanda, ya fara saukowa wajen mutane, waya na binsa a ƙasa. Kai tsaye ya nufi bakin mazurarin dama.

Na rage murɗi. Ya ƙara taku. Na ƙara ragewa. Na ji ɗan siririn fito ya fara tasowa, irin wanda ke zuwa kafin babban kukan. Taku biyu suka rage. Magana ba ta yiwuwa, kashewa kuma abin kunya ne. Sai na miƙe na taka wayar da ƙafata.

Monsanyar ya ja, waya ta ƙi. Ya sake ja. Ya waiwayo ya ga Bahaushe da hularsa tsaye a kan waya, yana kallon rufi kamar mai ƙirga kwano. Ya koma da baya taku uku, ya ƙarasa wa'azinsa a nan, kowa ya ji shi tas. Da aka tashi ya sa aka kira ni. Mumper yana yi masa bayani yana dariya har da hawaye. Monsanyar ya miƙo mini hannu ya ce tunda ya hau wannan kujera ba wanda ya taɓa ɗaure shi kamar tunkiya sai ni.

Shekara shida na yi. Na dawo da keke, da akwatin kaya, da turmin atamfa na Inna. Da yamma gida ya cika da ƴan barka da zuwa, Baba ya ce, "To, Garba, wane aiki ka yi a can?"

Na gyara zama na ce, "Baba, ƙarfe nake hana kuka."

"Kuma ana biyan ka?"

"Duk wata."

Inna na gefe tana jijjiga jaririn yayana, wanda tun shigowata yake tsala ihu. Ta miƙe ta dangwara mini shi a cinya ta ce, "Alhamdulillahi, gwani ya zo. Karɓi."

Na juya shi dama, na juya shi hagu, na kai shi nesa da bango, na laluba bayansa ko akwai abin murɗawa. Ya ƙara murya. Gida duka ya kwashe da dariya. Wannan jariri shi ne babanku Idi, mai kiran fasinja a tashar Gaya. Ku je gobe ku saurare shi, har yau ba a gano inda ake rage masa ba.