Lami Biyu a Sel Ɗaya

Keken kakanku Garba ne ya kai ni Yerwa. Ba hawansa na yi ba, ku bar dariya. Sayar da shi na yi bayan na fita takaba, ya zama kuɗin mota da na kama ɗaki. Kwana uku muna ciniki da wani mai gyaran keke a Azare, yana cewa sarƙar ta mutu, ina cewa mai keken ne ya mutu, sarƙa tana nan da ranta. Sai da ya biya abin da na yanka. Na bar iyayenku wurin yayata, na ce musu rani ɗaya zan yi. Shekara shida na yi.

A Bulumkutu na sauka, gidan wata Babarbariya, Ya Kaltum. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Afuno take ce mini, haka suke kiran Bahaushe, har sauran 'yan haya suka ɗauka. Faɗanmu na farko kan daddawa ne.

"Afuno, miyarki tana kashe mini turare."

"Turarenki ma yana kashe mini miya, Ya Kaltum. Ɗaki na kama, ban kama da hancinki ba."

Kada ku ce na ji zafin faɗan. Daɗinsa nake ji, don ranar da muka yi shi na san an yi magana da ni. Sauran ranaku, matan gidan suna tsakar gida suna hira da yarensu suna ƙyaƙyatawa, in na fito su gaishe ni da Hausa, kafin na kai bakin famfo sun koma nasu. Sai na shige ɗaki na ɗauki ɗinkin hula.

Na samu aikin shara da goge-goge a wani asibitin kuɗi wajen Bolori. Ranar ɗauka, Matiron, wata doguwar mata mai tabarau wadda ke kan masu jinya da mu masu shara, ta tambaye ni ko ina karatu. Na ɗaga kai na ce ina yi. Ba duka ne ƙarya ba. Garba ya koya mini rubuta Lami da tsinke a ƙasa, harafi huɗu, duk inda na gan su ina gane su. Ƙirga kuwa ba a fi ni ba.

Shekara biyu lafiya lau, da baki Matiron take faɗa wa kowa inda zai share. Sai aka kawo kwamfuta. Aka tura Saratu akawu, wata Kirista 'yar wajen garin Biyu, ta koyo ta. Tun daga nan aka bar faɗa da baki, sai takarda a bango kowace Litinin, wai rosta. Takardar gida-gida ce kamar zanen hula kafin a sa zare. Ranaku a jere a sama, ɗakuna a jere zuwa ƙasa, kowane gida da suna biyu, na sama mai safe, na ƙasa mai yamma. Wannan bai ba ni wuya ba, da yatsa nake ƙirgawa daga Litinin, jerin ɗakunan kuma na haddace. Abin da ya kayar da ni, mu biyu ne Lami. Akwai Lami Ishaku, akwai ni Lami Garba, ni kuwa abin da ke bayan Lami duk tafiyar tsutsa ne a idona.

Sau biyu ina zuwa aikin Lami Ishaku na bar nawa. A na biyun ɗakin haihuwa ne ya wuni ba a goge ba.

"Ba ke kika ce kina karatu ba?" in ji Matiron.

"Ina yi. Rubutun ne ƙanana."

"To, na uku ki jingine mini tsintsiyata ki tafi."

Ku gane, in na jingine tsintsiyar nan, gida zan koma ba keke ba aiki, na zauna a gaban yayata tana ciyar da ni da 'ya'yana. Kuma da na ce wa matar nan ban iya karatu ba, gara na koma ɗin.

Na je wurin Saratu lokacin hutun rana, tana cin gyaɗa a gaban na'urar. Na ce idona ne ya fara rauni, ta ƙara wa sunana girma. Ta duba ta ce, "Mama Lami, ai ga ki nan a cikin sel." Na ce wa ya kai ni sel, me na sata? Sai da ta yi dariya har gyaɗa ta shaƙe ta, sannan ta ce kowane gida a takardar sunansa ke nan, ba na 'yan sanda ba. Ta ce za ta yi mini bol. Na ce ban zo wasan ƙwallo ba. Ashe bol ɗin shi ne a kumbura rubutu ya yi kauri. Mutanen ofis ke nan, ba za su ce kauri ba sai sun nemo abin da zai ruɗa ka.

Ta kama wani abu mai wutsiya da suke kira ɓera, ta taɓa gidajen da nake ciki, suka yi kauri. Na ji daɗi, sai na hango gida biyu a makon da ke tafe, Lami a sama, Lami a ƙasa, duk sun kumbura tare. Na ce nawa kaɗai nake so. Ta ce ba ya yiwuwa, malaminsu ya koya musu a taɓa gida a danna, abin da ya samu ɗaya ya samu duka.

Ni duk wanda ya ce mini ba ya yiwuwa, na san ciniki ya buɗe. Na ce zan ɗinka wa saurayinta hula. Ta ce ba maganar biya ba ce. Na ce hula mai zare uku. Ta ce Mama, na'ura ce, ba ta jin ciniki. Na gyara zani na zauna a ƙasa, na ce ni a ido ɗaya na yadin hula ina sa zare biyu, baƙi da ja, ba wanda ya rina wani, don allura ciki take shiga.

"Ke fa, 'yata, a bakin ƙofa kike tsayawa kina ba da umarni. Kin taɓa shiga gidan?"

Ta danna ɓeran sau biyu da sauri a kan gidan, sai ga wani ɗan tsinke yana ƙiftawa a tsakanin haruffa. Ta ja shi a kan Lami ta ƙasa kawai, ta danna abin kaurin. Lami ɗaya ta kumbura, ɗayar tana nan siririya. Ita kanta Saratu sai da ta riƙe baki. Daɗin abin ya kama ta, ta ja tsinken a kan kalmar da ke gaba, ta danna wani wuri, kalmar ta kwanta gefe. Ta ce sunansa italik, ni dai rubutun Italiya nake ce masa har gobe.

Sai ta sa farce a kan kalmar da ta kwanta, ba ta kalle ni ba, ta ce a hankali, "Wannan shi ne Garba, Mama. Ga. R. Ba."

Na ce na sani. Ta ce ta san na sani. Ba mu ƙara maganar ba har muka rabu. Da Matiron ta tambayi abin da ya sa sunana ya bambanta, Saratu ta ce Lami biyu suna ruɗa na'ura. Hular kuwa na ɗinka, ta ƙi karɓa, na ajiye mata a kan tebur na ce an riga an yi ciniki. Na gode dai ban iya furtawa ba, kuma yana damuna.

Ban ƙara ɓata aiki ba. Amma ba duba aiki kaɗai ke tsayar da ni a gaban bangon nan ba. Garba bai taɓa taka Yerwa ba, ba wanda ya san fuskarsa a duk faɗin garin. Ga shi nan kowace Litinin a kusa da ni, a kishingiɗe, kamar ya dawo daga gona. Ranar Sallah ni ke karɓar aikin kowa, tunda ba gidan da zan je gaisuwa, in na gama goge-goge sai na tsaya na bi haruffan da yatsa. Da Saratu ta yi aure ta tafi, sabon akawu ya miƙar da komai ya siranta. Na gane sunan Garba a tsaye ma, sai dai bai yi mini kama da shi ba.

Gwiwa ce ta dawo da ni gida. Na zo da akwati ɗaya da abin sayen awaki, na tarar autana yana kiran yayata Inna, ni kuma yana gaishe ni kamar baƙuwa. Wannan ban samu wanda zan yi ciniki da shi a kai ba.

Bayan dawowata aka zo rajistar mata masu sana'a a garinmu, malamin rajistar ya turo mini tawada na dangwala yatsa. Na ce ya ba ni biro. Na danne Lami har takardar ta kusa hujewa, sannan na rubuta Garba a kishingiɗe. Ya juya takardar ya ce, Baba, na biyun ai ya faɗi.

Na ce, "Bai faɗi ba. Haka ake rubuta shi. A kwamfuta na koya."